Ƙugiyar da Kwantena Ta Haɗiye

A shekarar da na fara taya wasu mutane gina manhajar kyauta ta masaukan baƙi, ina aiki ne a wani ofishin haɗaka, inda kowa ke hayar teburi, a unguwar Gwarinpa ta Abuja. Kowa a duniya na iya sa hannu a manhajar, ni kuma na ɗauki mayar da ita Hausa. A kwamfutata komai tsaf. Amma duk gyaran da aka tura sai an gwada shi a kwantena, wato wata kwamfutar aro da ake ginawa sabuwa fil a kowane gwaji. Kamar ɗakin haya take, ko ƙwan fitila sai ka zo da abinka. Gyara ya ci gwaji alama ta yi kore, ya faɗi ta yi ja.

Nawa ja ya yi ta yi. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke, sai wani ɗan akwati fanko ya fito.

Mai kula da manhajar, wani bawan Allah a ƙasar waje, ya rubuto cikin ladabi cewa lokacin sakin sabon samfurin manhajar ya matso. Me zai hana in cire ƙugiyoyin nan, in sa k da d da b zalla? In ba haka ba, Hausa ta jira wani zagayen.

Raina ya ɓaci. Shafin farko cewa yake "Maraba da baƙi." A cire ƙugiya, mun koma yi wa baki maraba ke nan.

Maƙwabcin teburina, ɗan Filato, ya leƙo. "Madam, container ɗin nan ba ya san Hausa. Kin ba shi font?"

Ashe kwantenar ba ta da zubin haruffan da ke ɗauke da namu. Na bi na gano sunan ƙunshin da haruffan suke ciki, na ƙara layi ɗaya a fayil ɗin da ke faɗa mata kayan da za ta ɗebo kafin ta fara aiki. Na tura, na zuba wa allo ido, shayina ya huce.

Alamar ta yi kore. Daɗi ya kama ni har na miƙe tsaye ban san dalili ba. Mai kulawar ya karɓi gyaran, ya ce in koya masa furta harafin ƙ.

Maƙwabcina ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, da Hausarsa ta Abuja: "Maraba da baki."

Na ce, "Oga, kai ma sai an ƙara maka layi ɗaya. Tashi mu je, yau ni zan ciyar da bakin."