Ƙwayar Yaya Isufu a aljihun mijina

Shekara tara ke nan da aka binne Yaya Isufu a Guci, kuma ban taɓa buƙatar bakinsa kamar bana ba.

Ni na ba shi ƙodata ɗaya. Bayan dashen, likitoci suka ɗora shi kan wata ƙwaya, rafamisin, don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar. Da yake malamin lakwal ne, wato makarantar boko, komai sai ya mai da shi darasi. Ya ce mini cikin naman jiki akwai mai ba da umarnin a girma, a hayayyafa, maganin kuma bakinsa yake toshewa. Abin da bai ɗauka da zafi ba shi ne, da wannan umarnin rauni ke haɗewa. Wata kaka kututturen gero ya soke shi a tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya koma aji. Ciwon ya ƙi rufewa, zazzaɓi ya shiga, kafin a isa Damagaram rai ya yi halinsa.

Watan jiya zan wanke rigar mijina, Alhaji Sani, na ji kwali a aljihu. Sunan maganin nan ne a jiki, rafamisin. Na kai masa kwalin na tambaye shi.

Ya ce a salula ya ji an gwada shi kan ɓeraye sun daɗe ba su tsufa ba, wani direban Magariya ya samo masa. Mutumin da ke da ciwon suga, wai shi zai yi wa tsufa wayo.

"Alhaji, ɓera ba ya yankan gero," na ce. "Shi Yaya Isufu likita ke auna jininsa, ka ga inda aka kwana. Kai wa ke auna ka?"

Da Yaya na nan, ba na jin zai zagi ƙwayar. Shekara shida ta ƙara masa, har ya ga jika. Zai ce a bar masu bincike su gama, tunda kan ɗan Adam ba su tabbatar ba tukuna. Kuma Alhaji zai saurare shi, abin da ba ya yi mini.

Alhaji ya ce ya daina sha. Ban sake ganin kwalin ba, ban kuma ga an jefar ba, ga gero ya nuna a gonarmu ta Bande. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Abin da Yaya ya bar mini tabo ne a kwiɓi, sai wannan hali: in Alhaji ya dawo daga gona zai yi alwala, ni ke riƙe buta. Yana zaton ladabi ne. Tafin ƙafarsa nake dubawa.