Baba da Dogon Allakaye

Jiya da la'asar samarin unguwarmu suka kafa shayinsu a gindin katangata, nan Madawa, suka haɗa kai a kan salula ɗaya. Wasu ƙatti biyu ne na ƙasashen waje suke naushin juna da safar hannu. Ban ga hoton ba, muryoyin dai nake ji ta taga. Wannan ya ce zakaran zamanin baya ya fi, wancan ya ce na yanzu zai kayar da shi tun kafin ya yi gumi. Ina tsintar shinkafa, sai na ga hannuna ya tsaya. Na san irin gardamar nan. A cikinta na girma, kuma ita ta cinye mana gida.

Babana mahauci ne a wani ƙauye kusa da Tabotaki, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa. Kafin a haife ni ɗan dambe ne, an ce gwiwarsa ba ta taɓa kai ƙasa a fage ba. Ni ban tarar da wannan ba. Na tarar da mutum mai faɗin kafaɗa, mai warin kitse da hayaƙi, wanda ke dawowa daga kasuwa da guntun hanta a ƙunshe domina. Zaren da yake naɗe hannu da shi a zamaninsa yana rataye a ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, har gizo-gizo ya yi saƙa a kai.

A can garin Allakaye kuma akwai wani da ake ce wa Dogo saboda tsawonsa, shi ma ba a taɓa kayar da shi ba. Ba su taɓa haɗuwa ba. Shekarar da aka shirya, fari ya watsa mutane neman abinci. Da aka sake shiryawa, mahaifin Dogo ya rasu. Daga nan kowa ya yi aure, ya ajiye dambe. To ka ga inda gardama ta samu wurin zama.

Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, maza ba su da aiki sai zama a rumfar mahauta. Ina kai wa Baba fura da hantsi, in tarar ana yi. Wani ya ce Dogo ya fi tsawon hannu, kafin Baba ya iso shi ya sha biyu. Wani ya ce Baba ƙasa-ƙasa yake shiga, ba ya ba dogo fili. Wanda ya fi kowa zafi shi ne ƙanen Baba, muna ce masa Baba Ƙarami. Shi bai taɓa naɗe hannu ba a rayuwarsa, amma yakan miƙe ya nuna yadda za a yi, har hularsa ta faɗi. Baba yana ta yankan namansa, bai cika sa baki ba.

Wata shekara wani ɗan garinmu ya dawo daga Abijan da hoton wasu baƙaƙen fata biyu na ƙasar waje, kowanne ƙirji kamar ƙofar zaure. Ya ce can ba a barin magana ta tsufa. In an yi musun wa ya fi, sai a haɗa su, ko sun fara furfura. Aka manna hoton a ginshiƙin rumfa. Sati bai zagayo ba aka manta da mutanen cikin hoton, magana ta koma kan Baba da Dogo, ta fi da zafi.

Ran kasuwar Tabotaki wani mutumin Allakaye ya tsaya gaban faifan namanmu, ya ce da ƙarfi, fari dai ya yi wa wani rana, da an ga ƙarshen suna. Baba bai ɗago ba, amma na ga kunnuwansa sun motsa. Daga ranar, makaɗin mahauta ba ya wuce ƙofarmu sai ya buga taken Baba da kalangu. Baba Ƙarami kuwa kullum yana zaure, yana cewa yara sun fara yi mana dariya.

Ranar da Baba ya shiga ɗakin Kaka ya sauko da zaren, Inna tana daka. Ta jingine taɓarya.

"Malam, gemunka ya fara hwari," ta ce.

"Turmi guda za mu yi, mutane su samu lahiya."

Turmi shi ne zagaye ɗaya na dambe. Inna ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka. Kaka ce ta ce ita ba ta hana shi ba, amma kada ya zo neman albarkarta a kan wannan. Bai je ba.

An yi damben da Dogo bayan la'asar, a fili bayan kasuwa. An share tsakuwa, amma ƙasarmu ko ka share, dutse na nan kwance ƙarƙashi. Mata ba sa zuwa fage, ni dai ina da farantin gyaɗa a ka, sai na kutsa. Abin da na gani ba shi ne abin da aka shekara ana ba ni labari ba. Dattawa biyu ne masu tumbi, suna zagaya juna suna haki. Turmin farko ya ƙare ba wanda ya taɓa wani sosai. Baba ya juya zai kwance hannu, sai jama'a ta ɗau ihu, kalangu ya tashi, Baba Ƙarami ya riƙe masa kafaɗa yana magana a kunnensa. Ya koma.

A na biyu Baba ya samu Dogo a ido, na ji ƙarar har inda nake. Dogo ya kawo nasa a makance, ya samu Baba a gindin kunne. Baba ya faɗi da baya, ƙeyarsa ta bugi dutse.

Ya tashi da kansa. Da ƙafarsa ya zo gida, ya ci tuwo, ya ce ba inda ke masa ciwo. Da safe Inna ta kai masa ruwan alwala, ya buɗe baki magana ta ƙi fita, hannun daman nan ya kwanta kamar ba nasa ba. Aka ɗora shi a amalanken jaki zuwa likita a Buza. Yadda aka kai shi haka aka dawo da shi.

Aka cire ni daga lakwal, makarantar boko, don in zauna da shi. Inna ta shiga aikin jera duwatsu a kan tudu tare da matan gari, inda ake ba da abinci a madadin aiki. Tafin hannunta ya tsage har ba ta iya riƙe zare. Damina ta zo, gonarmu rabi aka nome.

Za ka ce gardama ta mutu. Ba ta mutu ba, sabon abinci ta samu. Mutanen Allakaye suka ce hannu ne ya kayar da shi. Namu suka ce dutse ne, kuma ai Dogo ya rasa ido, don haka Baba ya fi ɓarna. A zaurenmu ake yi, Baba na jingine a bango, ina goge masa yawu da gefen zanena. Idanunsa na bin duk mai magana.

Sau ɗaya Dogo ya zo, da rani, a ƙafa, ido ɗaya ya shanye. Inna ta ƙi fitowa, amma ta ba ni ruwa na kai masa. Ya zauna kusa da Baba, ya ɗauki mataccen hannun ya riƙe. Sai Baba Ƙarami ya matso.

"Tunda ka zo, hwaɗi gaskiya. Hannunka na ko dutse?"

Dogo ya ce, "Ni jini ya ruhe min ido, ban ga hwaɗuwarshi ba. Shi ma bai ga abin da ya kada shi ba. Ku kunka gani, ku riƙe abinku."

Rabin bakin Baba ya motsa. Har yau ban sani ba ko dariya ce.

Ya rasu da damina, shekarar da aka fara zancen aurena. A zaman makoki ina cikin mata, na ji ta bayan danga an rage murya ana cewa, da a ce sun haɗu suna samari.

Yanzu filin nan an yi shaguna a kai. Makaɗin ya mutu, jikokinsa kabu-kabu suke yi. Yaran yanzu ba su san warin fage ba, a salula suke kallo, su mayar da bugu baya su sake gani, kuma ba a nuna musu wanda ke wanke mutumin bayan an kashe fitila.

Baba Ƙarami yana nan da rai, ya makance. Da hutun bana ɗana ya je ƙauye, ya dawo idonsa na ƙyalli, ya tambaye ni ko gaskiya ne kakansa ya fi kowa dambe a ƙasarmu ta Adar. Na ce masa ni abin da na sani nauyin kakansa ne, don ni da Inna muke ɗaga shi kowace safiya mu kai shi rana, mu dawo da shi inuwa. Yaron ya sunkuyar da kai, na ɗauka ya ji. Can ya ɗago.

"To amma Mama, da ba dutsen ba fa?"