Ranar da Na Je Binciken Surukina a Khumra

Na je binciken mutumin da ke neman auren 'yata, na same shi tsugune gaban bokiti yana wanke rigar aiki, kuma a gabana ya ce wa kamfaninsa ba zai tashi jirgi ba. Na ga abubuwa da yawa a Jidda, yawancinsu sun fita daga kaina. Wannan ranar kam tana nan, ba zan manta da ita ba har a binne ni.

Ni direban tirela ne a lokacin. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Iyayena Hausawan Sudan ne. Na shigo ƙasar nan ina saurayi, na yi dako, na yi gadi, na kwana ƙarƙashin mota kafin na kama sitiyari. Kaya nake ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa in kai sito a Khumra, iyalina kuma suna Madain Fahd. Abin da rayuwa ta koya min ɗaya ne: in kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka, ya ce yalla, maza, ka tashi. Ko kana zazzaɓi, ko idonka na rufewa. Wanda ya yi gardama, iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, ta mutu, ya koma inda ya fito. Na ga an yi wa mutane da yawa haka.

Muna da maƙwabciya, wata Hajiya 'yar Najeriya. Ɗan wanta yana zuwa gaishe ta wata Juma'ar, a nan ya ga babbar 'yata. Matuƙin jirgin sama ne. Wannan kalma kaɗai ta hargitsa min gida. Hajiyar ta ce yana kwana otal-otal. Matata ta ƙara nata, ta gaya wa ƙawayenta gidan Abhur za a kai amarya, bakin teku. Ƙanwar matata ta fara lissafin yadda za ta riƙa zuwa ganin dangi kyauta. Kowa Kyaftin yake ce masa. Ranar da ya zo gaishe ni na ga ya buɗe baki, ya ce, “Mama, ni fa ba kyaftin ba ne, mataimaki ne,” matata ta tura masa farantin dabino ta ce, “Ci, ɗan nan, duk ɗaya ne.”

A al'adarmu uba ba ya zuwa bincike da kansa, ƙani ko amini yake turawa. Ni ba ni da ɗan'uwa a nan, aminan kuma duk sun riga sun sha ruwan kyaftin. Sai na ce zan je da ƙafata. Na tambayi wani direban bas da ke jigilar ma'aikatan filin jirgi, ya yi dariya ya ce, “Ai maƙwabcinka ne. Bayan garejin da kake ajiye tirela a Khumra yake.”

Na ɗauka wasa yake. Khumra unguwar lebura ce, tana can ƙarshen kudu, filin jirgi kuwa yana arewa. Duk garin ne a tsakaninsu.

Wajen azahar na je. Tsohon bene ne, matakalarsa na warin albasa da omo. Ƙofa a buɗe take, na yi sallama a hankali. Ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu a jikin kowane bango, an liƙe taga da kwali don rana kada ta shigo. Na'urar sanyi tana ɗiga cikin gwangwani. Mutum biyu suna barci da tsakar rana, ɗaya ya ɗaure ido da safa. Shi kuma yana bakin banɗaki da gajeren wando, farar riga a hannu, yana cuɗa wuyanta.

Ya miƙe tsaye, kumfa har gwiwar hannu.

“Baba! Da ka aiko ai da na zo da kaina.”

“Da ka zo da kanka da ban ga bokiti ba.”

Ya yi dariyar kunya, ya shimfiɗa min darduma a baranda don kar mu tashi masu barci. Ya kawo shayi da ragowar ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis na safe. Na dube shi da kyau. Idonsa ja, fuska ta faɗa. Na san irin idon nan, a madubin tirela nake ganinsa.

Ban iya kewaye-kewaye ba. Na ce, “Nawa suke ba ka?”

Ya faɗa. Ba zan maimaita ba, sirrinsa ne. Abin da zan ce kawai, ni da ban iya rubuta sunana da kyau ba na fi shi ɗauka a wata.

“To me kake yi a nan?”

Ya ce kamfaninsu ƙarami ne, jiragensu masu farfela ne, suna kai mutane ƙananan garuruwa su dawo, wani lokaci sau da yawa a yini. Manyan kamfanoni ba sa kallon sabon matuƙi sai ya tara awoyin tashi masu yawa. Ƙananan sun san haka, shi ya sa suke biyan abin da suka ga dama. Waɗanda ke barci a ciki ma matuƙa ne irinsa. Guga da wanki shi yake yi, abinci a jirgi sai abin da ya ƙunsa daga gida, kuma ranar hutu ma wayarsa ba ta mutuwa, don ana iya nemansa.

“Mahaifina gonarsa ya sayar na yi karatun nan, Baba. In na daure na tara awoyin, hanya za ta buɗe.”

Yana rufe baki wayar ta yi ƙara. Ya duba, na ga kafaɗarsa ta sauka. Manajansu ne, muryarsa har inda nake zaune. Suna haɗa Turanci da Larabci, na kama na Larabcin. Wani matuƙi bai zo ba, ana son shi bayan la'asar.

Ya ce, “Da safen nan na sauka. Tun jiya nake sama, ban runtsa ba. Ƙa'ida ma ba ta ba ni dama ba.”

Manajan ya ce tafiya ce gajera, zuwa da dawowa.

“Ba zan iya ba. Ka rubuta cewa na gaji.”

Sai manajan ya sauke murya, irin saukewar da na sani. Ya ce akwai matasa da yawa da ke jiran kujerarsa, kuma ya tuna wa ke riƙe da iƙamarsa. Yaron ya ce, “Na tuna. Ba zan tashi ba.” Aka kashe waya.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, “Kai, mahaukaci ne? Kira shi ka ba shi haƙuri. Ka sha shayi mai kauri, ka zuba wa kanka ruwa, ka tafi. Haka muke yi.”

Ya juya kofin shayin a hannunsa. Ya ce, “Baba, da za mu sauka ɗazu sai da na ciji leɓena don kar idona ya rufe. Akwai mata a bayana, akwai jarirai. In na je yau ban san abin da zan yi musu ba.”

“In suka kore ka fa?”

“Sai in koma Kaduna.” Ya sunkuyar da kai. “Na san ka ga komai. Duk abin da ka faɗa a gida gaskiya ne, ba zan ji haushi ba.”

Ina neman abin faɗa, na ɗago, sai na ga kansa ya jingina da bango, baki a buɗe. Ya yi barci a zaune, gaban mutumin da yake neman 'yarsa. Na zare kofin daga hannunsa. Na shiga, na ɗauraye rigar, na matse, na shanya a igiyar baranda. Na ja musu ƙofa.

A mota na daɗe ban tayar ba. Na tuna direbobin da na sani, waɗanda aka ce musu yalla suka tashi, aka kwaso su a hanyar Jizan. Wasu ni na yi musu wanka. Da wuya ka ji wanda ya ce a'a a cikinmu, kuma mun ɗauki hakan jarumta. Shi wannan yana jin tsoro, na gani, amma ya ce a'a.

Da na koma gida na zayyana komai, ban rage ba. Matata ta dafe ƙirji.

“Khumra? Alhaji, Khumra fa ka ce? Ni da na gama gaya wa mutane Abhur!”

“Ke kika gaya musu, shi bai faɗa ba.”

“To bar zancen gida. In suka soke masa iƙama fa? Ka ba shi yarinya ya tafi da ita ƙasar da ba ta taɓa gani ba? A nan aka haife ta, Hausar ma rabi-rabi take yi!”

Wannan magana ta dake ni, don gaskiya ce. 'Yar nan ita ce ta fari, ita ke karanta min takardu, ita ke tuna min magani. Na kira ta. Ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

“Kin san inda yake kwana?”

“Na sani, ya Baba. Tun farko ya faɗa min. Har hoton ɗakin ya nuna min.”

“Shi ne ba ki faɗa ba?”

“Na faɗa wa Ummi, ta ce tawali'u ne irin na manya.”

Matata ta ce, “Ke, rufe min baki!” Dariya ta kusa ƙwace min.

Na ce, “In aka kore shi, Najeriya za ki.”

'Yata ta saki gefen mayafin. Ta ce, “Zan yi kuka. Amma zan je.”

Kamfanin bai kore shi nan take ba. Cire shi suka yi daga jerin masu tashi, suka bar shi zaune. Ba tashi, ba awoyi, albashin ma ya ragu. Matata ta ce a jira a ga yadda za ta ƙare. Hajiyar gwaggonsa ta daina leƙowa don kunya. Ni kuma na ga in na jira sai an mayar da shi sannan na amsa, to kamfanin ne ya zaɓa min suruki.

Ranar Juma'a na aika ya zo. Ya zauna a ƙasa, ya rame.

“Sun kira ka?”

“Ba su kira ba, Baba.”

“Ka turo manyanka. Na ba ka.”

Ya ɗago kamar bai ji ba. “Baba, har yanzu ban san matsayina ba.”

“Ni na sani. Halas, magana ta ƙare.”

Ya fashe da kuka. Na ce ya tashi ya wanke fuska kafin mata su gani.

Bayan wasu makonni suka neme shi, don ba su da isassun matuƙa, kuma wani tsohon kyaftin ya tsaya masa. An ɗaura aure ba hayaniya. Ɗakin saman benenmu na gyara musu da hannuna, na sa rufi, na ja ruwa. Nan suka zauna shekaru, yana fita da kayan aiki fes, yana tsayawa bakin titi jiran bas tare da masu shara. Wahala ba ta ƙare da wuri ba. An sha kiransa a ranar hutu, ya sha tafiya in ya huta, ya sha ƙi in bai huta ba. Matata da ta fi kowa faɗa, ita ta koma tana korar yara daga matakala in yana barci.

Abin da na koya shi ne, in za ka ba mutum amanar 'yarka, ka nemi ganin abin da yake yi lokacin da aka matse shi kuma abincinsa na cikin haɗari. Albashi yana hawa yana sauka, na ga nasa ya hau. Wancan halin kuwa da shi na same shi, da shi yake har yau.

Yanzu yana babban kamfani, sun kama gida nasu ba nisa da mu. Ni na ajiye sitiyari, ido ya yi rauni. Ina gadin wani sito a Khumra, ni nake buɗe wa tireloli ƙofa. In direba ya shigo da jan ido, ina da tabarma a inuwa, kuma ba na buɗe masa ƙofar fita sai ya kwanta.