Sifirin da Na Yanke wa Nazifi

Kafin in zama abin nuni a ƙauyenmu, ni bakanike ne mai rufin asiri. Mahaifina ya rasu ya bar mana gonar gyaɗa da gero a wani ƙauye tsakanin Dawakin Tofa da Tofa, ya kuma bar mini tsohuwar motarsa. Inna, mahaifiyata, ita ke riƙe da gonar. Ni kuwa kullum ina garejin maigidana a Rijiyar Zaki, inda muke aikin ƙafar mota: taya, rim, shokaziba da sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota. Hannuna yana da kyau, kowa ya shaida. Zuciyata ce ba ta da kyau, kuma ban san haka ba sai da Nazifi ya taɓo ta.

Nazifi ɗan wani Alhaji ne mai sayar da takin zamani a garinmu, tare muka yi firamare. Ranar auren wani abokinmu samari suka jera motoci a ƙofar gidan ango, na kawo tawa na ajiye kusa da tasa. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce da ƙarfi, "Malam, wannan ai akuya da 'ya'yanta sa kwana a ƙarƙashi. Matsar da ita, kada a zaci taki muka zo kaiwa gona." Aka fashe da dariya, har da ƙawayen amarya. Ni ma na yi dariyar, amma a ranar na ƙudura sai na rama.

A lokacin samari na yayin saukar da mota ƙasa. A sa mata manyan rim masu sheƙi da siririyar taya, a cire dogon sifirin a sa gajere, sai ka gan ta kamar tana lasar kwalta. Na ce tawa ma sai ta koma haka. Ba ni da halin saye, don haka na fara da ƙaramin abu. Mai mota ya kawo gyara, in musanya masa sabon noti da tsoho. Daga nan na koma musanya tayar safaya, wadda ba mai dubawa sai ranar da ya yi faci. Da na ga shiru, sai na shiga cire rim daga motocin da aka bari a garejin maƙwabta, har aka kori wani mai gadi saboda ni. Ko gezau ban yi ba. Fuskar Nazifi kawai nake gani.

Motata ta sauka ƙasa, ta yi kyau, ban da ƙarya. Sai dai ta daina zuwa gida. Hanyar ƙauyenmu ta jar ƙasa ce, amalanke da ruwan sama sun gama da ita. Ranar farko da na gwada, cikin motar ya daki tudu, salansa ta faɗo. Daga nan a gareji nake barin ta in hau babur. Inna ta ce, "Motar babanka ce yanzu ba ta iya zuwa ƙofar gidansa? To, ta wa ka gyara?" Na ce mata ba za ta gane ba.

Ana nan sai ga Nazifi da kansa a gareji, ya ga tawa ya yaba. Ya buɗe but ya nuno mini sababbin gajerun sifirin a kwali, na asali, da tayoyi sababbi. Ya ce, "Ka yi mini irin taka, kai ne gwani." Ko alamar tunawa da abin da ya faɗa mini babu a fuskarsa, wannan kuma ya fi komai ƙona mini rai. Da bakaniken kirki ne, da ya ce masa hanyar garinmu ba ta wannan aikin ba ce. Ni cewa na yi ya dawo jibi.

Na sayar da sababbin sifirin ɗin. Na ɗauki tsofaffin nasa na yanke su da giranda, injin yankan ƙarfe, na fesa musu jan fenti. Duk mai wannan sana'a ya san yankakken sifirin ba ya zama daram a mazauninsa, da ƙafa ta faɗa rami yana iya tsalle ya fito. Tayoyin gaba ma na canza su da wasu da suka daɗe a rana, na shafe su da baƙin mai suna ƙyalli. Abin da nake so shi ne in ga motarsa ta durƙusa ranar kasuwa, jama'a sun kewaye shi suna dariya. Da ya ja ta ya tafi yana ɗaga mini hannu, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Da damina ta yi nisa, wata rana da hantsi Inna tana cirar ciyawa a gonar gyaɗa kububuwa ta sare ta. A ƙauyenmu idan irin wannan ta faru, duk mai motar da ke kusa shi ke kai mutum asibiti, ba a roƙo, ba a ciniki. Aka kira ni a waya, ina Rijiyar Zaki da motar da ba ta iya shiga garinmu. Nazifi ne ke gida. Ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya sa aka kwantar da ita a baya, ya taka mota. A bakin kwalbatin da ke kafin kwalta ƙafar gaba ta faɗa rami, sifirin ya fito ya yaga taya, motar ta ƙwace ta afka cikin kwari. Nazifi ya karye a ƙugu. Inna aka kwantar da ita a gindin darbejiya ana jiran wata motar. Kafin a isa asibiti dafin ya gama aikinsa.

Bakaniken da Alhaji ya kira yana ɗaga motar ya ga yankan giranda. 'Yan sanda suka buɗe ɗakina suka tarar da rim ɗin mutane jibge. Alƙali ya tura ni gidan yari. Zan faɗa muku gaskiya: ko a can ban daina jin haushin Nazifi ba. Ina kwance ina cewa da bai buɗe bakinsa ranar bikin nan ba, da Inna tana raye. Na yi shekaru ina ɗora masa gawar da ni na yi sanadinta.

Da aka sake ni na koma ƙauye na kafa rumfar faci a bakin hanya. Wata rana sai ga Nazifi yana dogara sanda. Na miƙe a shirye, ina jiran zagi in mayar masa. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce, "Akwai saƙon da na daɗe ina riƙe maka. Da aka kwantar da Inna a gindin bishiyar nan, ba ta san abin da ya jawo wa motar haɗari ba. Cewa take ta yi, 'Ku kira mini ɗana, shi ya iya gyaran mota.'" Ya tashi ya tafi. A ranar na tuba, tuba ta gaske, kuma har gobe ina roƙon Allah gafara.

Samari, ku ji daga wanda ya gani. In za ka canza ƙafar motarka, fara duba hanyar gidanku kafin ka duba idon abokanka. Kada ka yarda a yanke maka sifirin, kada ƙyallin taya ya ruɗe ka ba ka duba shekarunta ba. Kai kuma mai sifana a hannu, in wani ya ci maka fuska, ka faɗa masa a gabansa ko ka bar shi da Allah. Kada ka zuba fushinka a ƙarƙashin motarsa, domin ba ka san wanda za a kwantar a kujerar baya ba. Ni Innata aka kwantar, tana kiran a zo da ni in gyara.