Tukunyar da Na Huda

Tuwo nake sayarwa a Akokan, kusa da inda motocin ma'aikata ke tsayawa. Babbar tukunyata wani maƙeri ne ya zuba min ita da ragowar ƙarfen da ke fitowa daga wajen haƙar ma'adinin uranium. Rabin unguwa da shi suka yi ƙofofi da gadaje. Arha gare shi, mu kuwa talakawa ne.

Wata rana wasu mutane suka zo da ƴar na'ura suna gwada ƙarafa. Da suka kara ta a jikin tukunyata sai ta hau ƙara kamar gyare, a gaban masu cin tuwo. Wani ya ajiye lomarsa ya wanke hannu. Mutanen suka ce akwai guba a ƙarfen, in daina girki da ita, suka ƙara gaba. Inda zan kai ta, oho.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Mijina ya ce, "Ke, aikin gama ya gama, sai a rage asara. Makiyayan Gugaram ba su ji ba. Ranar kasuwa zan kai ta in sayar musu."

Na ce, "Maigida, su ba su da ƴaƴa ne?"

"Mu da muka shekara da shekaru muna ci, mun mutu?"

Yana fita masallaci na ɗauko gatari na yi ta saran gindinta har ya huje. Ina sara ina kuka, don ita ce gonata. Da ya dawo ya ga hujin, sai ya ce zai kai ta bayan gari ya binne. Har godiya na yi masa, ni sakara.

Na sayi sabuwa, na dinga wanke ta a bakin hanya don kowa ya gani. Masu ci suka dawo ɗai-ɗai, amma sunan mai tukunyar guba ya zauna min.

Bayan wani lokaci maƙwabciyata ta haihu. Ranar suna na ga maijego tana shan kunu da sabon ludayi mai sheƙi. Uwarta ta ce, "Ai na maƙerinku ne. Mijinki ya kai masa tsohon ƙarfe ya narka."

Na fizge ludayin, na nufi maƙera ko mayafi ban gyara ba. Har yau abin yana ci min rai. Maƙerin ya ce ludayan da suka fito suna da yawa, duk sun ƙare, kuma shi ba ya tambayar mai saye inda ya fito.