Kwanon Tomoji da Ba a Fasa Ba

An sayar da aikin Kuroiwa Tomoji na ƙarshe a wani gidan gwanjo a Tokyo ranar Asabar, kan yen miliyan tamanin. Hasumiya ce ta kwanukan shinkafa na tangaran, tsayinta ya ɗara na mutum. Tomoji ya rasu ranar uku ga Oktoba a ɗakin aikinsa da ke Osaka, yana da shekara saba'in da huɗu. Zuciya ce ta tsaya.

Tomoji, na san ka a ƙaramin shagon abincin matarka Fusae, tun ina sabon ɗan jarida. Ka karanta sharhina na farko a kan aikinka, ka ce, "Yaro, rubutunka ya fi miyar Fusae gishiri." Ta jefo maka tsumma. Da jaridar ta sallame ni, kullum sai ka aiko a kira ni, wai ana neman mai ɗanɗana miya. Na yi wata da watanni ina ci kafin na gane dabarar ciyar da ni ce.

A ƙasar nan, idan za a fita da gawa, iyali kan fasa kwanon shinkafar mamaci a bakin ƙofa, don ya san babu sauran abincinsa a gidan, ya kama hanya da natsuwa. Tsofaffin da ke mutuwa su kaɗai a ɗakunan haya ba su da mai fasa musu. Kai ka riƙa bin masu kwashe kayan irin waɗannan ɗakuna kana roƙon kwanukan. Ka wanke, ka jera, ka manne su. Na tambaye ka dalili, ka ce, "Tunda ba mai sallamarsu, ai gara su zauna tare."

Ranar da ka faɗi, ka gama cin abincin rana ka ɗora naka kwanon a saman hasumiyar, yadda ka saba in tebur ya cika. Ba ka manne shi ba. Washegari, muna wajen gawarka, dillalinka Hayasaka ya turo ma'aikata suka kwashe komai.

Ina tsaye Fusae ta tare shi a wajen jana'iza.

"Yallaɓai, kwanon tsohon nan nake so. Mai shuɗin baki. Ka riƙe sauran."

"Haba Uwargida, an riga an ɗauki hoton hasumiyar da shi a kai. Kwanon nan ne sa hannunsa."

"Wane sa hannu? Ko wanke shi bai yi ba, akwai shinkafa a jiki!"

"Mun gani. Masu saye sun so wannan ƙwarai." Ya rusuna. "Shagonki cike yake da kwanuka. Fasa ɗaya mana, wa zai sani?"

"Shi zai sani."

Ba ta fasa komai ba. Aka fita da kai shiru, tana tsaye a bakin ƙofa hannu wayam. A zauren gwanjo kuwa, mai kiran farashi ya nuna busassun ƙwayoyin shinkafar, ya ce abincin ƙarshe ne na mai fasaha. Aka tafa.

Fusae har yau tana dafa ta mutum biyu. Ta ce mini ba mantuwa ba ce. Ba a sallame ka ba, ba za ta bar ka da yunwa ba.

Allah ya ji ƙanka, Tomoji, ya sauƙaƙa maka hanyar da mutane suka tsare. Ya ba Fusae da 'yarku Michiru haƙurin da ya fi ƙarfina in kwatanta.

Michiru ta roƙi gidan gwanjon ya isar wa wanda ya saya cewa kwano ɗaya kawai suke nema. Gidan bai bayyana sunansa ba, kuma har zuwa yanzu bai tabbatar ko saƙon ya kai gare shi ba.