Kaka Yabawa, ta Ƙarshe a Ayarin Fannami

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayun 2025, da hantsi, Kawu Modu ya kira ni ina wurin aiki a Yamai, ya ce Allah ya karɓi ranki, Kaka Yabawa, a garinmu Gure. Ban samu jana'iza ba. Na iso washegari.

Aikina na jarida ya koya mini kada in rubuta abin da ban tabbatar ba. Don haka zan faɗi abin da na gani da wanda na ji, in tsaya nan.

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san dabinon da kike ƙullewa a bakin zane saboda yaron da aka doka a lakwal, wato makarantar boko. Matan unguwa sun san wadda ke fara isa ɗakin mai naƙuda. Amma abin da muka fi saninki da shi labarin Fannami ne, kakan kakanninmu, da matarsa Habsu: yadda suka taso da takarkari ɗaya suka iske kwari tsakanin tuddan rairayi, yadda suka haƙa rijiya da ƙoƙo, yadda Habsu ta rufa ɗakin farko da kabar goruba, ta kori kura da murfin tukunya. Bayan la'asar kike ba mu shi, a gindin dabinon lambu. In aka ce ba a tatsuniya da rana, sai ki ce, "Wa ya ce maka tatsuniya ce? Mutanenka ne."

Labarin yana da doka. Da ayari ake buɗe shi: Fannami a gaba, Habsu, ƴaƴansu, sannan a baya duk wanda ya taɓa riƙe labarin ya rasu, kowa da sunansa, har su gangara kwari. Mai rai ba ya shiga. Kin ce mana wanda ba a kira sunansa ba yana nan bisa tudu, bai sauka ba. Tun tasowarmu, mahaifiyarki Balkisa ce ta ƙarshe.

Da ƙaramar Sallah na kawo iyalina gida. Kika tara yara a tsakar gida, domin kin yi shekaru ƙafarki ba ta kai ki lambu. Kika jero ayarin har Balkisa, amma ba ki tsaya ba. Kika ce, "Sai wata tsohuwa can baya, tana ɗingishi, takalmi ɗaya a hannu."

Yara suka yi dariya. Kawu Modu ya tashi ya fita.

Ƴata Rumasa'u ta ce, "Kaka, wace ce ita?"

Kika ce, "Kishiyata, kin cika tambaya. Ubanki zai gaya miki, ai shi ne mai surutu a rediyo."

Na ɗauka zolaya ce.

Kawu Modu ya ce ranar Larabar nan an neme ki a ɗaki ba a gan ki ba. Masu zuwa ban-ruwa ne suka iske ki zaune bisa tudun da ke kallon lambu, fuskarki wajen rijiya, rai ya riga ya fita. Takalmi ɗaya yana ƙafarki, ɗayan yana hannunki. Na san rairayi yana shiga takalmi, mutum ya cire ya kakkaɓe. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa. Yadda kika hau tudun da wannan ƙafar ne har yau babu wanda ya bayyana mini.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, na gangara lambu don in kaɗaita. Na iske yaran gidan zaune a gindin dabinon, ba wanda ya kira su. Sun bar wurin zamanki fili. Rumasa'u ta ce, "Baba, har yanzu tana bisa tudu?"

Na san makomar mamaci tana hannun Allah, ba a bakin mai labari ba. Na gaya musu haka. Ba wanda ya motsa. Sai na zauna a wurinki. Na manta inda kura take shigowa, yara suka gyara mini. Amma ayarin ban kuskure ba: Fannami, Habsu, har Balkisa. Sannan na ce, "Sai Yabawa." Na gangaro da ke kwari tare da su, na zaunar da ke bakin rijiya. A lokacin ne yaran suka fara kuka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Kawu Modu, da Inna Zaituna, da jikoki, da dukan zuriyar Fannami na Gure da Kelle. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya gafarta miki, Kaka, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce masaukinki. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen, ya bar mana wanda zai kira sunanmu.